Inna da Ruwan Kifayena

Sai da muka yi da gaske kafin Inna, mahaifiyata, ta yarda ta baro tsohon gidanmu na Ƙofar Taramniya ta dawo wurina a Arkilla. Ciwon gwiwa ya matsa mata, gidan kuma ya watse tun rasuwar Baba. Ta zo ɗin, amma zuwan baƙunta, don ko ƙullin kayanta ba ta kwance ba. Matata ta hana ta girki, ta hana ta shara, duk da sunan girmamawa. Na san halin Inna. In ba ta sami abin da zai riƙe ta ba, tafiya za ta yi.

A lokacin kuwa ina tsakiyar haukan kifi. Ƙananan kifayen ado ne da ake ce wa sikilid, dangin karfasa, sai dai ba sa wuce tsawon yatsa. Mace da namiji na sa aka kawo mini daga kudu, na zuba su a akwatin gilashi a falo, na kife musu wani kaskon turare mai fasasshen baki ya zama ɗakinsu. Macen ta sha yin ƙwai a ciki, amma sai su yi fari su lalace. Daga baya na gano ruwan burtsatsenmu ne, wanda ko a buta sai ya bar farar ƙasa, ga mu kusa da Kalambaina inda ake haƙar farar ƙasar yin siminti. Don haka da damina ta faɗi na koma tarar ruwan sama, ina jiƙa busasshen ganyen gwaiba a ciki har ya yi kalar shayin da ba madara, irin na ƙoramun da suka fito. Abokan aiki suka ce na zare. Ban musa ba.

Da farko Inna ko kallon akwatin ba ta yi. "Kihin da ba a ci, mi ad amfaninai?" in ji ta. Sai wata safiya macen, wadda cikinta ya yi ja kamar zoɓo, ta fito daga kaskon da 'ya'ya a bayanta, ƙanana kamar ƙwayar gero. Na kira Inna. Ta jawo kujera, ta manna fuska da gilashi. Ɗaya ya ɓalle daga cikin 'yan uwansa, uwar ta bi shi ta cafke a baki, ta dawo ta tofar da shi a tsakiyarsu.

"Lalle!" in ji Inna. "Wagga ta san ciwon ɗiyanta."

Tun daga ranar kujerar ta zama tata. Ita ke ba su abinci, ita ke yi wa namijin faɗa in ya yi nisa, wai duk maza haka suke. In na dawo daga ofis labarinsu nake tararwa. Matata ta raɗa mini cewa an kwance ƙullin kaya. Na ji daɗi har cikin raina.

Abu guda ne ya tsaya mata: kalar ruwan. Inna mace ce da aka san randarta a unguwa. Komai jan ruwan da 'yan garuwa suka kawo, za ta ɗauko alif, farin dutsen nan mai kwantar da laka, ta kaɗa, ruwa ya wayi gari garau. Na yi mata bayanin ganye da ruwan sama iya iyawata. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Babu mai rai da ka son dauɗa. Mai jego ta, ka ji tsoron Allah."

Wata ranar aiki na dawo bayan la'asar, na tarar da ruwan ya yi fari tas, ban taɓa ganinsa haka ba. Uwar tana kwance a bakin kaskon, namijin a can gefe, 'ya'yan sun zube a kan yashi, duk sun mutu. Inna tana zaune a kujerarta, guntun alif a ƙulle a gefen gyalenta. A kan idonta abin ya faru. Ta yi ta kiran matata, amma babu abin da wani zai iya.

Na ce wa Inna zafi ne, Sakkwato ba garin kifi ba ce, za a kawo wasu. Wallahi ban ɗaga murya ba, ko a fuska ban nuna ba.

"Kak ka ruɗe ni," ta ce. "Ni nis sa musu. So nika ta ga ɗiyanta da kyau." Sannan ta ƙara, "Na tsuhwa ban san ruwa ba."

Bayan 'yan kwanaki ta ce a mai da ita gida. Na roƙa, matata ta yi kuka, ƙannena suka sa baki. Ta ce hannunta ya saba da kayanta, a can ta san abin da ka gyara da abin da ka ɓatawa. Ni da kaina na kai ta, ina tuƙi ina jin haushin ranar da na fara sha'awar kifi. Na sake kiwon wasu bayan haka, sun hayayyafa har na rarraba wa mutane, amma daɗin bai dawo ba. Har yau abin yana cina.

Takan zo mana yini jefi-jefi. A zuwanta na ƙarshe azahar ta yi, na fito na gan ta tsaye a tsakar gida da buta a hannu, gaban bokitin da matata ta cika. Ba ta ɗiba ba. Jira take wani ya fito.

"Wanga ruwa," ta ce mini, "ana taɓa shi?"