Maraƙin Baba a Talabijin

Shekarar da Baba ya faɗi ya karye a ƙugu, sana'ata ɗaukar bidiyo ce a gidajen biki a Gwarzo. Cikin kayan aikina akwai wasu 'yan akwatuna biyu, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ɗaya a jikin kyamara, ɗaya a jikin talabijin, suna miƙa wa juna hoto tangaran ta iska, babu igiyar waya. Sai dai ba sa cin dogon zango, kuma dole su riƙa kallon juna. Da katanga ko mutum ya shiga tsakaninsu, hoton zai tsaya cak.

Baba na kwance a gidanmu na Garo, a ƙasar Kabo. Kakanninmu makiyaya ne, noma ya zaunar da mu, amma shi bai taɓa rabuwa da shanu ba. Yana jinyar nan farar saniyarsa ta haihu. Inna ta ce mini kullum sai ya tambayi kamannin maraƙin, kuma duk wanda ya kwatanta masa, sai ya juya fuska bango.

Na ɗauro kayana a babur. Na kafa kyamara a bakin turke, na ɗora akwati na biyu a tagar ɗakinsa, na haɗa shi da ƙaramar talabijin mai batirin sola a gefen gadonsa. Rumbu ya tare hanya, sai da na yi ta matsar da kyamara kafin hoton ya fito.

Saniyar na lasar ɗanta, ana ganin gashinsa yana kwantawa duk inda harshe ya bi. Baba ya daɗe yana kallo, hannunsa na motsi a kan bargo.

“Goshin kakarsa ya ɗauko,” in ji shi.

Sai hoton ya daskare. Na leƙa, ashe Inna ce ta gitta da bokiti. Na yi mata bayani, ta ce in nuna mata inda hoton yake bi. Na zana mata da hannu a iska, daga turke zuwa taga. Daga ranar duk mai ratsa tsakar gida sai ya duƙa a daidai nan, har baƙi masu zuwa dubiya. Ganin Inna na fama da gwiwa, na ce zan ɗaga kyamarar a kan sanda.

“Bar ta haka,” ta ce. “Rusunawa a ƙofar babanka ba yau na fara ba.”

Na bar akwatunan da kyamarar a can, na koma jan doguwar waya da wata kyamarar a wuraren biki. Kowace safiya Baba kan sa a kunna masa, ya ba da umarni daga kan gado: a ƙara dusa, a matsar da saniyar cikin inuwa.

Ana girbin gero ya fara takawa da sanda. Turke ya fara nufa, ina riƙe da kafaɗarsa. Ya miƙa hannu, maraƙin ya zabura ya ɓuya a bayan uwarsa. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce ai da gaskiyarsa, maraƙin bai taɓa ganinsa ba. Ya sa na kawo masa kujera, ya zauna yana jira.