Bushiyar Bayan Madafa

Lokacin da muka tashi daga unguwar Bukoki muka koma Banifandu, filin da ke jikin katangarmu ba a gina shi ba, sai ciyawa da ƙaya. Daga can wata bushiya take shigo mana ta ramin da ruwan wanka ke fita. Bayan sallar asuba nakan tarar da ita gindin pampo tana tauna kyankyaso, ƙaras-ƙaras. Gara, fara, gyare, ba ta barin ko ɗaya. A lakwal, wato makarantar boko, an koya mana ƙwari ne abincinta, amma sai a gidana na gani da idona. Nakan ajiye mata ruwa a murfin tukunya.

Da mai filin ya kawo magina aka share ciyawa, aka zuba siminti, sai na daina ganinta. Na ɗauka ta ƙara gaba.

A bayan madafa ina da tarin ganyen dogon yaro da karan gero, sharar da nake ta jinkirin kwashewa. Gab da damina maigida ya tsaya a kanta, makullin moto a hannunsa.

"Otel kika buɗe wa macizai ne?"

"Yau zan ƙone ta, in Allah ya yarda."

Ina sauri, miya na kan wuta. Na ƙyasta ashana na jefa.

Ɓera ya fito a guje, ƙadangaru suka haye katanga. Ita bushiya ba ta gudu. In ta ji tsoro dunƙulewa take, ta dogara da ƙayarta. Sai ƙaurin hayaƙin ya sauya, ya koma irin na babbakar kan rago. Na watsa bokitin ruwa, na tona tokar. Ga ta a dunƙule, baƙa ƙirin. A gefenta ƴaƴa huɗu, kowanne bai wuce babban yatsa ba, ƙayoyinsu farare masu laushi. Ɗaya ne kawai ke motsi.

Maƙwabciyata, wata tsohuwa Bazabarma da muke kira Inna, ta leƙo ta katanga.

"Ƴata, kin tona da sanda kafin ki sa wuta?"

"Ban tona ba, Inna."

"A ƙauyenmu ko gona za a ƙone, sai an buga ƙasa an yi hayaniya tukuna."

Na sa ɗan mai motsin a kwalin sukari, na shimfiɗa masa auduga. Na dama madarar gari ina ɗiga masa da bakin cokali. Washegari cikinsa ya kumbura kamar zai fashe.

"Nonon saniya ba nasa ba ne," in ji Inna.

"To me zan ba shi?"

Ta dubi kwalin, ta girgiza kai.

A rana ta uku, bayan la'asar, na taɓa shi na ji ya yi sanyi. Na haƙa rami a gindin katanga na rufe shi. Maigida ya ce Allah ya san ba da gangan na yi ba. Na san haka. Amma da na idar da magariba na daɗe kan darduma ina istigfari, har tuwo ya kama ban tashi ba.