Sabar da Ta Ƙi Amsa Sallama a Riruwai

Ana idar da sallar asuba muka bar Bebeji a motar haya, ni da abokin aikina, kwamfutata a cinya kamar jaririya. A cikinta akwai aikin da ya cinye mini damina guda: sabar harshe. Manhaja ce da ke zama a bayan edita, wato inda ake rubuta lambobin kwamfuta, tana ja wa ɗalibi jan layi idan ya yi kuskure, ta kuma gaya masa da Hausa inda ya kauce. Wata malamar kwamfuta a Riruwai ce ta roƙe ni ita. Ɗalibai sun yi mata yawa, shugaban makarantar kuma ya ce in darasin bai nuna amfani ba, zai mayar da ɗakin sito.

A Kafin Maiyaƙi muka karya da waina, 'yan acaɓa na ta jan hannun rigarmu. Masara ta yi kyau har Tudun Wada, inda mai gasasshen kifi ya rantse mana na Tiga ne, ya kuma tsuga kuɗi kamar shi ya haƙa dam ɗin. Dajin Falgore kuwa don tsoro direba bai yi ko tari ba sai da muka fita.

Mun isa Riruwai da hantsi, duwatsu ta ko'ina. Muka ɗora sabar a kan tsofaffin kwamfutocin makarantar, shugaba na tsaye ya goya hannu. Malamar ta rubuta kuskure da gangan. Shiru, babu jan layi.

Da na duba sai na gano matsalar. Ƙa'ida ce edita ta fara gaisuwa, saba ta amsa ta faɗi abin da ta iya. Tawa kuwa sai ta gama karanta fayiloli duka kafin ta amsa, kwamfutocin nan ba su da sauri, edita ta gaji ta tafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sallama aka yi mata, ta tsaya shara ba ta amsa ba."

Ya ce, "To ai rashin tarbiyya ne. Gyara mata zama."

Na sauya tsarin, ta riƙa amsawa tukuna sannan ta shiga aikinta. Shugaban da kansa ya zauna ya danna da yatsa ɗaya, ya buɗe baka, wato alamar nan ta ( ), ya manta bai rufe ba. Jan layi ya fito, da bayani: ba ka rufe abin da ka buɗe ba. Ya karanta a fili, ya yi dariya, ya ciro makullin ɗakin daga aljihu ya miƙa wa malamar.

Mun dawo Bebeji bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura amma raina fes. Na yi alfahari, ba zan ɓoye ba. Tafiyar ta koya mini cewa manhaja ba ta gama haɗuwa a teburina, sai ta yi aiki a kan kwamfutar da ta fi kowace tsufa. Ranar Litinin akwai darasi a ɗakin nan.