Matar da Ta Buga Jerin Sunaye

Shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a ofishin unguwa, har aka manta sunanta, sai dai Anti Tafireta. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta guda ce, tana auren wani mai gyaran keke daga cikin mutanen ƙetaren kogi, waɗanda kakanninsu suka zauna a garin tun kafin a gina ofishin. Anti takan tsokani surukin nata da cewa ya iya yi wa duk gari faci, amma tayar kekensa kullum a sace take.

A shekarar da rediyo ya fara kiran mutanen ƙetare kaska, sakataren ofis ya ajiye mata wasu takardu, ya ce ƙidaya ce don rabon ruwan famfo. Tana cikin bugawa ta lura sunayen duk na mutanen ƙetare ne, kowanne da lambar gida da yawan mazan da ke ciki. A shafi na huɗu ta ga sunan surukinta.

Ta ɓoye kwafi ɗaya a jakarta, ta kai wa babban ɗan sanda. Ya karanta, ya ce rubuta suna ba laifi ba ne. Ta je wajen 'yan kwamitin zaman lafiya, suka ba ta kujera da ruwan sanyi, suka ce za a duba a zama na gaba. Ta yi kwana uku tana bin layi a ƙofar baƙin da aka turo sa ido. Wata mai kirki a cikinsu ta saurare ta ta bakin tafinta, sannan ta ce ikonsu ya tsaya ga rubuta abin da ya faru.

"Ai bai faru ba tukuna," in ji Anti. "Shi ya sa na zo."

Ta roƙi surukinta ya kwashe iyali ya bar garin, har da durƙusawa. Ya ɗago ta, ya ce, "Inna, in je ina? Rabin masu sauraron rediyon nan ni nake gyara musu keke."

Da dabara ta ƙare mata, ta sake buga shafin, ta mai da lambar gidansa daga arba'in da bakwai zuwa saba'in da huɗu. A saninta, wannan gidan kango ne.

Ran Litinin da hantsi motoci suka shigo unguwar, kowace da mai riƙe da takarda a gaba. Suka wuce ƙofar surukinta, shi da 'yarta suka samu suka sulale ta bayan gida, suka tsira. Sai bayan kwana tara, da aka fara kwasar gawa, ta ji cewa wani tela baƙo ya tare a kangon da matarsa da 'ya'ya uku, wata biyu kafin abin. Ba wanda ya fita da rai, kuma ba su ma cikin jerin.

Daga baya masu bincike suka zo, suka karɓi kwafin nan, suka yi mata godiya. Ta faɗa musu abin da ta yi, suka ce ba ita ta riƙe adda ba. Ta ajiye aiki. 'Yarta ta yi ta aiko mata ta biyo su inda suka koma, ta ƙi. Yini take tana bin shagunan ɗinki tana tambayar sunayen 'ya'yan telan. Ta samu biyu. Ƙaramar, har yau ba ta haɗu da wanda ya san sunanta ba.