Barcin da Kaka Ke Yi da Hantsi

Ƙamshin lemun tsami ne ya tarbe mu tun daga bakin ƙofa, irin na maganin goge ƙasa, an zuba shi da yawa har yana hawa kai. Sai da muka yi nisa cikin baranda na ji abin da ke ƙarƙashinsa: zarnin fitsari, siriri, ya lafe kamar an ce masa ya yi shiru ga baƙi nan. Na dubi Umma, ita ma ta dube ni. Ranar ce aka kai kakata gidan jinyar tsofaffi da ke can bayan unguwar Ƙuba a birnin Annabi, inda gine-gine ke ƙarewa a jikin tsofaffin gonakin dabino.

Santsi ne ya kwashe ta a wurin alwala a gidanmu na unguwar Harra ta Gabas, ƙashin ƙugunta ya karye. An yi mata aiki a asibiti, an sa ƙarfe, likita ya ce aiki ya yi kyau, saura ta sake koyon tafiya. Ya kuma ja mana kunne cewa tsohon da ya daɗe a kwance bayan irin wannan karaya, ƙafa takan manta da shi. In ba ta taka a watannin farko ba, da wuya ta sake takawa. Shi ya sa aka kawo ta markaz, kamar yadda kowa ke kiran wurin, don akwai masu koya wa tsofaffi tafiya kullum da hantsi. Mu dangi ba a barin mu shiga sai bayan la'asar.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a lokacin, ina karatun adabi. Cikin jikoki ni ce Hausa ta fi zama a bakina. Ƙannena suna ji, amma da Larabci suke ba da amsa, Kaka kuwa takan ce hira da su kamar shan shayi ne ba sukari. Don haka ziyarar kullum ta faɗo kaina. Nakan tafi da kunun gyaɗa a flas da ɗan ganyen na'a-na'a, in zauna a gefen gadonta, rana tana shigowa ta labule tana zana layuka a kan bargonta.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe," nakan ce, "yanzu har da ƙugun ƙarfe. Yau taku nawa aka yi?"

"Ke dai zuba min kunu, uwar littattafai. Kin zo da miji ko yau ma da takarda kika zo?"

"Kaka, da gaske nake. Masu koya tafiya sun zo?"

"Ban ga kowa ba."

Haka ta ce a ranar farko, haka ta ce washegari, haka mako ya juyo. A kusurwar ɗakin akwai ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da aka kawo mata. Ledar da aka naɗe hannuwansa da ita tana nan ba a cire ba. Wata rana na shafa samansa da yatsa, yatsan ya fito da ƙura.

Na je wurin nas ɗin da ke kula da ɓangarensu, wata mace mai fara'a, kullum da sauri take. Ta ce da Larabci ai suna zuwa kullum, Hajiya ce ba ta yi. Wani lokacin ta ce ta gaji, galibi kuwa a same ta tana barci. Ta faɗa tana murmushi, idonta yana kan wayar da ke hannunta. Murmushin ne ban yarda da shi ba. Ya yi kama da ƙamshin lemun tsamin nan.

Daga ranar idona ya buɗe, na fara ganin abubuwan da ba na gani a da. Kofin ruwa a ajiye a kan teburin da aka tura can nesa, inda mai ƙugu a karye ba za ta kai hannu ba. Igiyar ƙararrawar kiran nas an naɗe ta a bayan gado. Na warware ta na ɗaura a jikin matashi, washegari na tarar ta koma inda take. Abincin rana yakan kai la'asar a rufe, shinkafa ta sandare, ba wanda ya tambayi me ya hana a ci. Ranar da na ɗaga bargo zan shafa wa Kaka man zaitun, na ga dunduniyarta ta yi ja jawur, fatar ta yi laushi kamar tumatirin da ya fara lalacewa. Na tuna an ce mana za a riƙa juya ta a kai a kai don kada kwanciya ta ci jikinta.

"Suna juya ki, Kaka?"

"Ni gurasa ce da za a yi ta juya ni? Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Ita ke nan kullum, da sauƙi. Ko wuta ce ta kama zanenta, in ka tambaye ta, da sauƙi za ta ce. Ma'aikatan ma sun iya kalmar, har suna maimaita mata suna dariya, su wuce gado na gaba.

A gida na kwashe duk abin da na gani na gaya wa Umma. Tana tsinke ganyen molohiya, wato lalo, a tire, ba ta ɗago ba.

"Ki iya bakinki," ta ce. "Ke za ki yi faɗa ki dawo gida ki kwanta. Ita za a bari a hannunsu. Wanda zai wanke maka uwa ba ka ɗaga masa murya."

"To mu zuba ido ƙafar ta mutu?"

Umma ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Wayarta ta yi ƙara, Kawu ne daga Jidda, ƙanenta, wanda ba ya fashin kira kowace yamma. Daga inda nake zaune ina jin muryarsa: "Yaya, ta fara takawa kuwa?" Umma ta ce masa ana nan ana ƙoƙari.

Ni dai na kasa haƙuri. Wata safiya na ƙi zuwa lacca, na hau mota zuwa Ƙuba. Na ce wa mai gadi an manta da tabarau na Hajiya ne, ba ta gani sai da shi. Ya dube ni, ya dubi flas ɗin da ke hannuna, ya kawar da kai. Na shige.

Da hantsi wurin ya sha bamban. Ba a riga an zuba lemun tsamin ba. Wani tsoho a ɗakin can ƙarshe yana kiran sunan wani a hankali, yana sake kira, ba ya gajiya, ba a kuma amsawa. Na tarar da Kaka ta juya fuska bango, bargo har kunne. Na tsaya a bayan labulen da ya raba gadonta da na maƙwabciyarta, wata tsohuwa 'yar Cadi da ban taɓa ganin an zo dubawa ba.

Ba a jima ba mai koya tafiya ta shigo. Ashe dai suna zuwa. Budurwa ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta taɓa kafaɗar Kaka.

"Ya Hajja. Ya Hajja."

Shiru. Ta ƙara taɓawa sau ɗaya, ta dubi agogon hannunta, ta ce wa kanta, "Nayma," wato tana barci. Ta juya ta fita. Duk abin bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

Na fito daga bayan labule na durƙusa a gefen gadon. Na kira ta, na girgiza ta a hankali, na ƙara girgizawa. Numfashinta yana fita a natse, bakinta a ɗan buɗe. Matar da tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta koma barci bayan asuba ba, wadda take cewa barcin hantsi na marasa abin yi ne, ita ce rana ta take tana kwance kamar dutse. Na ce shi ke nan, maganin barci suke ɗura musu don su huta da wahalarsu.

Na juya wurin tsohuwar Cadi. Idonta biyu, tana jan carbi.

"Gwaggo, don Allah, wani magani suke ba ta da safe?"

"Suna ba kowa," ta ce. "Fari da ja da ruwan ɗorawa. Ni na san na mene ne? Ni dai in an ba ni in haɗiye." Ta dube ni ta yi 'yar dariya, bakin ba haƙori. "Kunu ne a nan? Tunda mai shi tana barci, kada ya huce a banza."

Na zuba mata.

Daga nan ofishin likita na nufa. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ranar na zazzage masa duk abin da ke raina. Ya saurare ni da ladabi. Ya ce ba sa ba ta komai sai maganin ciwo da na hana jini daskarewa, ba mai sa barci a ciki. Ya ce za a duba dunduniyar, kuma an duba, aka sa mata matashi a ƙarƙashi tun daga ranar. Game da tafiya kuwa ya buɗe hannuwansa ya ce ba sa tilasta wa kowa. Majiyyaci in ya ƙi, ya ƙi. Na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa zama ya tambaye ta dalilin ƙin, da harshen da take ji sosai. Ya ce ai Hajiya tana jin Larabci. Tana ji, na kasuwa da na salla. Na fito ban yarda da ko kalma ɗaya ba.

Da la'asar na koma, na same ta zaune garau tana taunar dabino.

"An ce kin zo kin tayar wa mutane da hankali," ta ce. "Ke da ko kaza ba kya iya kora."

"Kaka, me suke ba ki? Na girgiza ki ba ki farka ba."

"Tsufa suke ba ni. Kina so in sammiki?"

Na roƙe ta mu gwada ni da ita, ba sai sun zo ba. Na yage ledar ƙarfen, na jawo shi gaban gado, na zuro ƙafafunta ƙasa. Ta bar ni na yi. Tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa, na ji ta ɗan danna, ƙarfi yana nan, na rantse na ji shi a hannuna. Sai ta saki jiki ta koma kan matashi.

"Jiri," ta ce. "Bari sai gobe."

Goben ba ta zo ba. Watanni suka shige, ƙaurinta ya tsotse ya zama kamar sanda. Na gwada duk abin da na sani. Na ɗauki hoton ƙwayoyin na nuna wa wata ƙawata mai karatun haɗa magunguna, ta ce abin da likita ya faɗa haka ne, sai na ce to akwai wanda ba sa bari mu gani. Na riƙa shinshina kofin shayinta. Nas mai fara'a ta daina yi mini murmushi, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin shaida. A ƙarshe markaz suka ce ba abin da ya rage da za su iya yi, gadon kuma akwai masu jira. Muka dawo da ita Harra ta Gabas a keken guragu.

Abin mamaki, ranar ta fi kowa walwala. Da motar ta biyo ta inda ake hango hasumiyoyin Harami ta sa direba ya rage gudu, ta yi ta salati. A gida barcin hantsi ya ɗauke ɗif, ni kuwa na ce ga shi nan, an rabu da maganinsu ta dawo daidai. Na gaya wa duk wanda ya zo dubiya kada ya kuskura ya kai nasa tsohon wurin. Har yau in na tuna igiyar ƙararrawar nan da dunduniyar nan, ban janye ba.

Ta ƙara 'yan shekaru a ɗakinta na ƙasa, muna ɗaga ta muna kwantarwa, tana tsokanarmu. Ba ta sake takawa ba. Da ta rasu aka yi mata salla a Masallacin Annabi, aka kai ta Baƙi'a, maƙabartar da ke jikinsa, inda kowane tsoho a garin yake fatan a binne shi.

Sai bayan na yi aure har na haihu na je Jidda bikin 'yar Kawu. Matarsa tana zagayawa da ni cikin gidan, ta buɗe wani ɗaki a bene na biyu inda aka jibge kayan amarya, ta ce ai wannan ɗakin Hajiya aka gyara wa, Allah ya jiƙanta, har gado an saya. Na ce wace Hajiyar? Ta yi mamaki ban sani ba. Ta ce tun Kaka tana asibiti, kafin a kai ta markaz, Kawu ya zauna a gefen gadonta ya yi mata albishir cewa ranar da ta iya hawa bene da ƙafarta, ranar zai ɗauke ta ta koma Jidda wurinsa gaba ɗaya, Umma ta huta haka nan.

"Ba ta ce a'a ba," in ji matar Kawu, tana gyara labule. "Kin san ta da kara. Tambaya ɗaya kawai ta yi masa, muka yi ta dariya. Wai Jidda akwai Baƙi'a?"