Yaɓen Rumbun Kaka

Shekarar farin da sojoji suka riƙa rabon jar dawa a Mayahi, ina yarinya a wani ƙauye kusa da Gidan Amumune. Bayan magariba Kaka kan hura wutar kara, mu jikoki mu zagaye ta. Tuwo ya yi ƙaranci, amma tatsuniya ba ta taɓa yankewa ba, kuma bakin Kaka ya fi barkono zafi.

Ni ba a sa ni lekol ba, wato makarantar boko. Ƙawata Talatu, 'yar maƙwabtanmu Kirista, ita ke koya mini karatu. Da ƙusa take karta haruffa a jikin rumbun ƙasa na Kaka, ina bi da yatsa. Wata rana ta rubuta dogon layi, ta ce ba za ta faɗa mini ba, sai na karanta da kaina. Kafin kasuwa ta zagayo ƙyanda ta ɗauke ta. Na koma wuni a gindin rumbun, ko rijiya na daina zuwa.

Ran nan Kaka ta ce, "Ga ta nan, ta mai kunne ce." Wai wata yarinya ce ɗan akuyarta ya mutu, bai bar mata komai ba sai sawun kofato a yashi. Ta kifa ƙwarya a kai, ta zauna gadi. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya tafi gona, ita tana nan. Da aka yi girbi babu wanda ya ba ta ko zangarniya. Yunwa ta kashe ta. Aka ɗaga ƙwaryar, ashe tururuwa sun daɗe da share sawun.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka, idonta a kaina. "Gobe yaɓen rumbu. Ke za ki yi shi, ɗiyar ga."

"Kaka, don Allah ki bar mini gefe guda."

"Mi za ki ci a ciki? Rumbu na hatsi ne, ba na matattu ba."

Da safe ta kwaɓa ƙasa, ta tsaya a kaina har na shafe layin da hannuna. Na tsane ta ranar, ban kuma ɓoye ba. Shekarar ko dami ɗaya bai shiga rumbun ba.

Sai da na yi 'ya'ya na iya karatu, a ajin yaƙi da jahilci. Yanzu na san tsoro ne ya kama Kaka, kada in bi Talatu lahira. Na gane ta, amma yafiyar ba ta cika ba. Har yau nakan ɗauki alli in gwada tuno layin nan. Harafin farko kaɗai ke zuwa, irin wanda sunana ke farawa da shi.