Kukan Keken Dogo

Ƙanin mijina ya haura hamsin, kansa ya yi fari fat, amma har yau Auta ake ce masa. Ni kuwa "mijina" nake kiransa, domin da yayansa ya rasu abu biyu ya bar mini: Auta da wata tsohuwar rediyo. Rediyon ta fi shi magana.

Guga yake yi a wani babban gidan wanki da ke tsallaken gada, inda ake kai zannuwan gadon otal da na asibiti. Tun yana saurayi yake tsaye gaban injin nan mai tururi, ya cusa zane ta nan, ya karɓe shi ta can a miƙe. Gashin hannunsa ya daɗe da ƙonewa. Da keke yake zuwa, saboda motar haya ba ta bin wajen da sassafe. A lokacin zafi babu damuwa, gari na wayewa da wuri. Amma in sanyi ya shigo rana kan yi nauyin tashi, ita kuwa ƙofar gidan wanki ba ta san da wannan zance ba.

Ina da teburin shayi a ƙofar gidanmu, kuma kafin kowa ya motsa na hura wuta. Wata safiya, sanyin bara, Auta ya fito da kekensa ya tsaya gaban gangar ruwana, ya russuna ya ce mata, "Yaya, ina kwana?" Ina gefe ina kallonsa. Na ce masa gangar ta kwana lafiya, ta ce a gaida iyali. Na zaci zai yi dariya, sai na ga ya kama hannun keke ya ƙanƙame.

A ranar ya gaya mini. Dundumi ne ya kama shi. Da rana yana ganin ko zaren da ya zare a bakin zane, amma da haske ya ragu sai duniya ta zame masa bango, fitilar mota kuma ta ƙara makantar da shi. Ya roƙe ni kada matarsa ta ji, don za ta sa wa keken kwaɗo ta haɗiye makullin. Kada kuma a ji a wurin aiki. An kawo musu sabon manaja, yaro mai ƙamshin turare, da ke neman dalilin sallamar tsofaffi, kuma wa zai bar mai ciwon ido a gaban injin da ke cin hannu? Ga 'ya'ya mata a makaranta. Na yi masa alkawari, ni da ban taɓa riƙe magana ta kwana a bakina ba.

Na tambaye shi to yaya yake kai kansa aiki. Ya nuna gidan da ke jikin namu da haɓa.

Dogo ke nan, mai kula da sito a wani kamfani da ke bango ɗaya da gidan wankin. Shi da Auta ba sa ko gaisawa. Shekarun baya sun yi rigima kan kwatar da ke tsakanin gidajen biyu, kowa ya ce ruwan ɗan'uwansa ne ke cin gindin katangarsa, har aka zagi iyayen da suka daɗe a ƙasa. Tun daga nan in ɗaya ya yi atishawa ɗayan sai ya kalli sama.

Amma Dogo yana da keke, keken kuma yana da kuka. Ƙarfen da ke rufe tayar baya ya lanƙwashe yana gugar taya, sarƙar ba ta ga mai ba tun tana sabuwa. In ya taka sai ka ji ƙiii-ƙwas, ƙiii-ƙwas, kamar ana yanka ƙofa. Wannan kukan Auta yake bi. Yakan laɓe a bayan ƙofa, da ya ji ya wuce sai ya hau ya bi shi. Inda kukan ya karkata ya karkata, inda ya tsaya ya ja birki. Yakan naɗe kansa da mayafin ulu har hanci, amma ya bar kunne ɗaya a waje. Kunnen nan ya tsage don sanyi, ya yi ɓawo. Kullum matarsa na shafa masa mai tana mita, wai babba da shi bai iya ɗaura mayafi ba.

Shi Dogo ɗauka ya yi tsokana ce. Yakan tsaya shan shayi da yamma ya ce in gaya wa mutumin gidanmu ya daina binsa kamar jela. Nakan ce masa ai farin jini ne, ya gode wa Allah, a shekarunsa wa ke binsa? Wani lokaci don mugunta sai ya ƙara gudu. Ran nan Auta ya dawo da gwiwa a kwaile, ya ce wa matarsa a wurin aiki ya zame. Ni kuwa shayin ranar gishiri-gishiri na ji shi.

Bana sanyin ya fi na bara. Ana cikinsa 'yar Dogo ta zo ganin gida, ta ji kukan keken ubanta, kunya ta kama ta. Ba ta yi shawara da kowa ba ta tura keken wurin mai gyara. Ni ban sani ba.

Washegari ruwan ganga kamar zai cire yatsa, ga hazo ya kwanta a layin. Ina durƙushe ina hura wuta sai wani abu ya gifta ta gabana, shiru kamar kyanwa. Kafin in ɗago in share hawayen hayaƙi, Dogo ya sha kwana.

Auta na bayan ƙofa da kunnensa a waje, yana jira. Na leƙa na ce masa mutuminsa ya wuce, an yi wa keken magani. Na ce ya koma ya kwanta, a ce zazzaɓi ne. Ya ce satin da ya wuce manaja ya tara su, ya ce duk wanda ya tarar da ƙofa a rufe ya juya gida, kada ya dawo. Na ce ya jira gari ya yi haske. Ya ce in gari ya yi haske an rufe. Na kama kujerar keken. Ya cire hannuna a hankali, yatsa bayan yatsa, ya hau.

Na bar tukunya a kan wuta na bi shi. Ni da gwiwar da sai na lallashe ta take kai ni bayan gida. A cikin layi bai sha wuya ba, ya san kowane rami da sunansa, yana tafe yana jan ƙafa ɗaya a gefen hanya. Abin da nake tsoro shataletalen da ke bakin unguwa ne, kafin gada, inda manyan motoci ke kwararowa da asuba.

Can na same shi. Da a bakin titi ya tsaya da sauƙi. Ya riga ya shiga, ya kai tsakiya, sai fitilu suka taso masa ta ko'ina, ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a ƙasa. Tirela ta wuce ta gabansa, iskarta ta ɗaga masa mayafi. Wata ta wuce ta bayansa tana danna hon, direban ya leƙo ya aiko masa da zagi. Shi kuwa sai juya kunnen nan yake yi, dama da hagu, yana neman kukan da babu. Na buɗe baki zan kira shi, na rufe. In ya ji muryata zai juyo, in ya juyo taki ɗaya ne tsakaninsa da taya. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa rasa abin faɗa ba sai ranar.

Sai ga wani dogon mutum ya fito daga cikin hazon ta wajen gada, yana tura keke. Daga baya Dogo ya ce mini ya waiwaya ne a kan gada don ya more ganin Auta na haki, ya ga wayam, sai abin ya tsaya masa a rai. Ya ratsa motocin ya zo ya tsaya a gaban Auta, kusa da har tururin bakinsu na haɗuwa. Auta na kallonsa bai san da mutum ba. Dogo ya ɗaga hannu ya kaɗa a gaban fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba. Sai Dogo ya hango ni a gefen titi, ba takalmi a ƙafa ɗaya. Ban karya alkawari ba, ban ce uffan ba. Kaina ne dai ya sunkuya da kansa.

Ya kama hannun keken Auta, ya jira wata mota ta wuce, ya ja shi har gefen da nake.

"Na gode, bawan Allah," in ji Auta.

Dogo bai kalle shi ba, ni ya kalla. "Iya, tun yaushe?"

Auta ya ji muryar, ya gane mai ita.

"Tun bara," na ce.

"Ranar da na yi gudu a gangaren gada fa?"

"Gwiwarsa na nan, ka tambaye ta."

Hon ɗin motoci na tashi, gabas ta fara yin toka-toka, lokaci na tafiya. Auta ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, in gaya wa mutumin nan in zai kai magana wurin manaja ya kai, ba sai ya tsaya jan rai ba.

Dogo ya jingina kekensa da cinyarsa, ya ɗaga ƙafa ya sakar wa ƙarfen tayar baya duka. Ya sake. Ya ɗaga bayan keken ya juya feda da hannu. Ƙiii-ƙwas.

"Iya, ki gaya wa mijinki ni ba na jiran kowa."

Ya hau, ya taka a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Auta ya gyara kunnensa ya bi. Na tsaya har kukan ya haye gada ya ɓace.

Na dawo na tarar tukunyata ta ƙone ƙurmus, masu shan shayi sun watse. Ranar ban sayar da komai ba. Duk keken da ya shigo layi da hantsi sai gabana ya faɗi, domin in Auta ya dawo da wuri an kore shi ke nan. Matarsa ta fito shanya ta tambaye ni me nake ta leƙe a hanya, na ce saurayi nake jira.

Sai yamma ya dawo, yana ƙamshin sabulu da tururi kamar kullum. Ya ce sun isa mai gadi na jan ƙofa. Dogo, da ba ma a nan yake aiki ba, ya cusa tayar gabansa a tsakani ya tsaya yana musu da mai gadin kan agogon wa ya fi daidai, har Auta ya shige ta gefensa.

Kada a ɗauka sun shirya. Kwatar na nan, gaisuwa babu. Ni ce dai na zama wayar tarho. Dogo ya ce in gaya wa mijina ranar hutu ya je asibiti, don shi ma mutum ne, yana iya kwana da mura, in kuma ya ƙi zai gaya wa matarsa da bakinsa. Auta ya ce in gaya masa ba a ba shi umarni. Ranar hutun na ga sun fita, ɗaya a gaba ɗaya a baya, da rana tsaka, keken na ta kuka. Likita ya ba Auta magani ya ce ya riƙa dawowa. Manaja har yau bai sani ba.

Wanda abin ya shafa shi ne mai gyara. 'Yar Dogo ta dawo ta ji keken ya fi da kuka, ta je har rumfarsa ta wanke shi tas a gaban mutane. Bawan Allah ya zo da kwalbar mai zai gyara kyauta, Dogo ya ce in ya taɓa masa keke sai sun kwana a ofishin 'yan sanda. Ya zauna a bencina yana tambayata ko Dogo ya samu taɓin hankali ne. Na zuba masa shayi, na ce ya daɗe da shi.